Jawabin Tunawa da Helene, Uwargidan Likitan Lambarene



Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fada ran salla, ya ji makaɗi da jama'arsa, ya san yadda sha'anin waƙa ya ke. Mutum guda ne a gaba. Shi ke jan baiti, shi a ke kira da suna, shi kuma a ke miƙa wa riga in an ji daɗi. A bayansa kuwa ga 'yan amshi a tsaye, ba mai tambayar sunansu. Amma da za su yi shiru su bar shi shi kaɗai, kafin a kai baiti uku muryarsa ta dushe, taro ya watse. Aikin asibiti ma haka ya ke. Likita a ke sani, shi a ke gode wa. Wanda ya tafasa kayan aiki, da wanda ya kwana a zaune a kan maras lafiya, da wanda ya rubuta sunansa a littafi, sai a wuce su kamar ba su yi kome ba.

Jawabin nan na tunawa da wata mace ce mai suna Helene Bresslau, wadda ta auri Likita Albert Schweitzer, su biyu suka kafa asibitin Lambarene a ƙasar Gabon cikin shekarar 1913. Sunan mijin ya zaga duniya, har aka ba shi lambar girma ta Nobel. Nata kuwa an daɗe ba a ambatonsa sai a gefe, alhali kuwa tare suka aza harsashin. Ita mawaƙiya ce ta majami'a, mai jiyya ce kuma wadda ta koyi aikin ta ci jarrabawarsa. Labarinta ya cancanci a ji shi daga farko.

An haife ta a birnin Barlin ran 25 ga Janairu, 1879. Ubanta, Harry Bresslau, shehun malami ne na tarihi, gwanin karanta tsofaffin takardun sarakunan Turai na zamanin da. Shi Bayahude ne, a lokacin nan kuwa ƙin Yahudawa ya yi ƙarfi a Jamus, har ya kan tare wa mutum hanya kome iliminsa. Shi dai bai bar addinin iyayensa ba, amma ya yarda aka yi wa 'ya'yansa baftisma, suka tashi cikin addinin Kirista. Helene ba ta ɗauki wannan addini a kan rigar aro ba, ta riƙe shi da gaske har ƙarshen ranta. Tana da shekara 11, watau cikin 1890, aka ba uban kujerar koyarwa a jami'ar Strasbourg, suka ƙaura can. Birnin nan yana cikin lardin Alsas, wanda Jamus da Faransa suka daɗe suna ja-in-ja a kansa. Jamus ta karɓe shi a 1871, Faransa ta maido shi bayan yaƙin 1914. Wannan ja-in-ja ya shafi rayuwar Helene ƙwarai, kamar yadda za a ji a gaba.

Tun tana budurwa ta ci jarrabawar malanta. Daga 1897 zuwa 1899 kuma ta shiga makarantar kiɗa ta birnin, ta koyi kaɗa fiyano da sarrafa murya. Ta shiga ƙungiyar mawaƙa ta majami'ar Wilhelm, wadda ta yi suna wajen rera waƙoƙin Bach, wani mashahurin mai tsara kiɗan ibada na Jamus da ya rasu a 1750. Irin wannan waƙa ba kamar yadda a ka saba ji ba ce. A kan raba mawaƙa kashi huɗu, mata masu siririyar murya da masu kauri, maza ma haka, kowane kashi da tasa hanya a rubuce. Wani lokaci sai a ce wa kashi ɗaya su yi shiru, sauran na ci gaba. Masu shirun nan ba hutawa su ke ba, ƙidaya su ke yi a zuci, domin in lokacinsu ya zo su shigo daidai, ba gaba ba baya. Wanda ya ƙosa ya riga lokaci ya ɓata waƙa, wanda ya yi sakaci ya makara shi ma ya ɓata. A wannan majami'a akwai wani saurayi ɗan fasto mai kaɗa wa mawaƙan babbar na'urar kiɗa mai bututu da yawa, wadda a ke kira ogan. Shi ne Albert Schweitzer.

To, kada a zaci Helene ta zauna jiran miji ne kafin ta san abin da za ta yi da ranta. Ta yi koyarwa a Ingila cikin 1902. A farkon 1904 ta tafi birnin Stettin ta yi wata uku tana koyon jiyya a hannun wata ƙungiyar mata ta majami'a. Cikin 1905 hukumar birnin Strasbourg ta ɗauke ta aikin duba marayu, a zamanin da ba a cika ba mata irin wannan muƙami ba. Shekara huɗu tana bin unguwannin matalauta gida gida, tana duba yaran da a ka ba riƙo, ko suna samun abinci, ko ɗakin da su ke kwana yana da tsabta, ko akwai mai ciwo a cikinsu. A wurin yawon nan ta ga abin da ya tsaya mata a rai. Jariran da a ka haifa ba aure sun fi sauran mutuwa, domin uwayen ba su da wurin zuwa, dangi sun kore su, tilas su bar jariri a hannun wani su tafi neman abin kai wa baki. Sai ita da waɗansu ƙawayenta suka tara kuɗi suka buɗe gida na musamman, inda irin waɗannan mata za su zauna da jariransu su shayar da su. Wannan aiki nata ne, da sunanta, ba da sunan kowa ba.

Sun fara haɗuwa da Albert a wurin wani biki cikin 1898. A watan Maris na 1902 suka yi alkawarin abota, kowa ya zama madogarar ɗan'uwansa. Shekara goma suna rubuta wa juna wasiƙu. Shi yana wa'azi a majami'ar Nikolai, yana koyarwa a jami'a, yana rubuta littattafai, har da wani babba a kan Bach. Ita kuwa takan zauna cikin masu sauraron wa'azin, takan karanta rubutunsa ta gyara masa, ba ta kuma jin nauyin gaya masa inda ya kasa. Cikin 1905, yana da shekara 30, ya sanar da jama'a zai koyi aikin likita ya tafi Afirka. 'Yan'uwa da abokai suka yi ca a kansa, suna ganin wauta ce mutum ya bar daraja a hannu ya tafi daji. Helene ba ta bi sahunsu ba. Maimakon ta yi masa gardama, sai ta duba abin da aikin zai bukata. Likita ba ya fiɗa shi kaɗai. Saboda haka a watan Oktoba na 1909, ita ma tana da shekara 30, ta aje muƙaminta da albashinta, ta shiga makarantar jiyya a birnin Frankfurt, ta koma ɗaliba mai gyaran gado da wanke tasoshi. Suka yi aure ran 18 ga Yuni, 1912.

Kuɗin tafiya ba na gwamnati ba ne. Daga kiɗan da Albert ya yi a garuruwa a ka tara shi, da gudummawar abokan arziki. Suka sayi magunguna da kayan aiki, suka ɗaure cikin akwatuna 70. A watan Maris na 1913 suka bar gida, suka shiga jirgin ruwa daga Faransa, suka gangara ta gaɓar Afirka ta Yamma har bakin kogin Ogowe, sa'an nan suka hau kogin. Ran 16 ga Afrilu suka sauka Lambarene, a tashar wata mishan ta Faransawa. Wurin yana kudu kaɗan da layin da ya raba duniya biyu. Kurmi ne mai duhu, ga zafi, ga laima dare da rana. An yi musu alkawarin za su tarar da ɗakin asibiti a gine, amma suka tarar ba a aza ko tubali ba, gama ma'aikata duk sun tafi saran katako inda kuɗi ya fi. Marasa lafiya kuwa ba su jira gini ba, tun kwanakin farko kwalekwale ke ta kawo su. Da fari a fili a ke duba su a ƙofar gida, in hadari ya taso a kwashe kaya a guje. Daga baya a ka sami wani tsohon akurkin kaji, ba taga, rufinsa duk huji, a ka share shi a ka shafa masa farar ƙasa. Wannan akurki shi ne asibitin Lambarene na farko. Sai wajen ƙarshen shekara a ka gama ɗan gini na kwano mai ɗakin duba marasa lafiya da ɗakin fiɗa.

Cikin wata tara na farko sun duba mutum wajen 2,000, mutanen Galwa da Fang da sauran kabilun kogin. Cututtukan da su ke kawowa ba baƙi ba ne ga ma'aikacin asibiti na ƙasashen zafi: zazzaɓin sauro, ciwon barci, kuturta, atuni, gyambo, ƙazuwa, tundurmi, da ƙaba wadda ta kan murɗe hanji ta kashe mutum in ba a yi masa fiɗa da wuri ba. Ma'aikata kuwa uku ne tak. Ga likita, ga Helene, ga wani mutumin ƙasar mai suna Joseph, wanda ya zo neman magani a ka ga yana jin Faransanci a ka riƙe shi tafinta. Shi dā kuku ne, saboda haka ya kan kira gaɓoɓin jikin mutum da sunayen yankan nama na madafa, amma ya zama mataimaki na ƙwarai. Kowane maras lafiya a kan ba shi ɗan kwali mai lamba ya rataya a wuya. Lambar nan tana cikin littafi, tare da sunansa da ciwonsa da maganin da a ka ba shi, har da kwalabe da gwangwanayen da ya tafi da su, domin a wurin nan kwalba dukiya ce, sai an dawo da ita.

Rabon Helene a cikin aikin ga shi. Ita ke tafasa kayan fiɗa ta jera su. Ita ke lura da wankin bandeji, gama ba a yar da ko ɗaya, sai a wanke a tafasa a sake naɗewa. Ita ke duba masu ciwo mai tsanani, ita kuma ke riƙe da gida. In za a yi fiɗa, ita ke ba da maganin sa barci. Duk wanda ya san ɗakin fiɗa ya san nauyin wannan. In maganin ya yi kaɗan, mutum ya farka wuƙa na jikinsa. In ya yi yawa, numfashi ya tsaya, ba ya sake tashi. Idon likita yana kan rauni, idon mai ba da magani yana kan ƙirji da bugun jini, tana ƙidaya kamar yadda ta koya a wurin waƙa. Mutanen kogin suka riƙa faɗa wa juna, wai likitan nan ya kan kashe mutum tukuna, ya gyara shi, sa'an nan ya tashe shi. Likita suka ba labarin, amma hannun da ya kwantar da mutumin, ya kuma tsare ransa har ya farka, na Helene ne.

Kiɗa bai rabu da gidan ba. Wata ƙungiyar masu son waƙoƙin Bach ta birnin Faris ta ba Albert kyautar fiyano wanda a ka lulluɓe cikinsa da tutiya saboda laima da gara, a ka kawo shi cikin babban kwalekwale. Da dare in aiki ya lafa ya kan zauna ya kaɗa, sautin da Helene ta saba rerawa cikin taron mawaƙa a Strasbourg yana fita ta taga zuwa cikin kurmi. Ran Lahadi kuwa a kan taru a yi sujada, tafinta na juya magana zuwa harsunan ƙasar. A shekarun baya ma, da ma'aikata suka yi yawa, al'adar asibitin ce bayan cin abincin dare a rera waƙar ibada guda a yi karatu kafin a watse.

Ba su cika shekara ɗaya da rabi ba sai yaƙi ya tashi a Turai. Ran 5 ga Agusta, 1914, labari ya iso Lambarene. Su 'yan ƙasar Jamus ne a cikin mulkin Faransa, saboda haka a ran nan a ka tsare su a gida, a ka sa soja a ƙofa, marasa lafiya na zaune a bakin kogi ba mai duba su. Sai wajen ƙarshen Nuwamba a ka bar su suka koma aiki. Dā niyyarsu su yi shekara biyu su je gida su huta, sai ga shi sun yi huɗu da rabi, jininsu duk ya ragu saboda zaman ƙasar. A watan Satumba na 1917 a ka yi umurni a kai su Faransa a kan fursunonin yaƙi. A ka tsare su a Garaison cikin duwatsun kudu, daga nan a ka mai da su Saint-Rémy, wani tsohon gini mai daɓen dutse da iska mai sanyi. Mutumin da ya fito daga zafin kurmi a ka jefa shi cikin wannan sanyi, ba sai an faɗi abin da zai same shi ba. Ƙirjin Helene, wanda dā ma ba shi da ƙarfi, ya ƙara raunana. A watan Yuli na 1918 a ka yi musayar fursunoni, suka koma Alsas ta hanyar Suwizalan, ita tana da juna biyu. Da yaƙi ya ƙare, Faransa ta karɓi lardin, a ka kori iyayenta tsofaffi daga Strasbourg domin su Jamusawa ne. Ran 14 ga Janairu, 1919, ta haifi 'yarta guda ɗaya tak, Rhena.

Nan ne jarrabawa mafi wuya ta zo mata. Likitoci suka tabbatar tana da tarin fuka. A wancan zamani ba a sami maganinsa ba tukuna, sai hutu da iska mai kyau. Albert ya gina mata gida a Königsfeld, wani ƙauye a kan tudu cikin dajin kudancin Jamus, suka tare a 1923. Asibitin Lambarene kuwa ya rushe, ciyawa ta cinye shi, mutanen kogin ba su da likita. Shi yana son komawa, ita ba ta iya binsa. Da ta ce kada ya tafi, ba wanda zai ga laifinta, ga ciwo, ga yarinya 'yar shekara biyar. Amma ta yarda. Ya tafi a farkon 1924, bai dawo ba sai bayan shekara uku da rabi. Shi da kansa ya rubuta cewa bai daina jin nauyin wannan sadaukarwa tata ba. Kada kuwa a ce abin bai yi mata ciwo ba. Aikin da ta bar muƙaminta dominsa, ta koyi jiyya dominsa, ta fara shi a akurkin kaji, ga shi ya girma ya koma sabon wuri a 1927, waɗansu mata ne ke tsaye inda ta saba tsayawa, ita kuwa sai dai ta karanta labari a wasiƙa. A ƙarshen 1929 ta matsa ta bi shi, amma zazzaɓi ya kayar da ita, bayan 'yan watanni a ka komo da ita Turai.

Wannan shi ne shirun da a ka ambata ɗazu, wanda ba hutu ba ne. Daga inda ta ke ta riƙa amsa wasiƙun masu taimako, tana karɓar baƙi, tana neman gudummawa. Da Hitler ya hau mulki a 1933, Jamus ta zama wurin hatsari ga duk mai jinin Yahudawa, baftisma ba ta fid da kowa. An kori ɗan'uwanta Ernst daga aikinsa na jami'a, ya ƙaura Barazil ya rasu can. Ita ma ta ɗauki 'yarta ta koma Suwizalan. Cikin 1937 da 1938 ta tafi Amurka, inda a lokacin ba a san Lambarene sosai ba, ta bi garuruwa tana yi wa jama'a bayanin asibitin da Turanci. Daga cikin waɗanda suka saurare ta a ka sami masu kafa ƙungiyar taimakon asibitin a Amurka cikin 1940. Alheri danƙo ne. Sa'ad da yaƙi na biyu ya yanke hanya tsakanin Gabon da Turai, ɗakin magani ya kusa zama wayam, daga Amurka ne magunguna suka iso a 1942.

Yaƙin nan ya tarar da ita a Faransa tare da 'yarta da jikanta. Da sojan Jamus suka shiga Faris a 1940 suka gudu kudu. A can Lambarene kuwa al'amari ya tsananta. An yi faɗa a garin kansa tsakanin Faransawa masu bin gwamnatin Vichy da masu bin Janar de Gaulle. Likitoci da masu jiyya kaɗan ne suka rage, ba mai zuwa ya canje su, ba kuma hanyar zuwa hutu. Helene tana da shekara 62, ga ciwon ƙirji, ga ciwon baya da ta daɗe da shi. Ta nemi takardun izini har ta samu, ta fita ta Fotugal, ta shiga jirgin ruwa ta ratsa tekun da jiragen yaƙi ke farauta a ciki, ta sauka Angola, ta bi ta ƙasa ta ƙetare Kwango, ita kaɗai. Ran 2 ga Agusta, 1941, sai ga ta a Lambarene. Ba ta nemi kujerar uwargida ba. Abin da ta yi shi ne ta karɓi aikin kowace mai jiyya bi da bi, wannan ta huta ta dawo, sa'an nan ta karɓi na waccan. Da haka ma'aikatan suka iya kai wa ƙarshen yaƙi ba su faɗi ba. Ta zauna har watan Satumba na 1946, shekara biyar cur a ƙasar da likitoci suka ce jikinta ba zai ɗauka ba.

Bayan yaƙi sunan Albert Schweitzer ya cika jaridu. An ba shi lambar zaman lafiya ta Nobel ta shekarar 1952, ya sa kuɗin a ginin unguwar kutare kusa da asibitin. Da ya tafi birnin Oslo a watan Nuwamba na 1954 don ya yi jawabin karɓa, Helene na tare da shi, tsohuwa mai farin gashi. Da yawa cikin masu rubuta labarinsa a lokacin nan, layi ɗaya ko biyu su kan ba ta, waɗansu ma sai mai karatu ya zaci likitan shi kaɗai ya sauka a bakin kogi a 1913. Ta sake komawa Lambarene zaman ƙarshe, ƙarfi ya riga ya ƙare, har a watan Mayu na 1957 zafi ya fi ƙarfinta a ka ɗauke ta a jirgin sama zuwa Turai. Ta rasu a birnin Zurich ran 1 ga Yuni, 1957, tana da shekara 78. A ka ƙone gawar bisa al'adar waɗansu Turawa, a ka kai tokar Lambarene a ka binne kusa da gidan. Mijin ya rasu ran 4 ga Satumba, 1965, a ka binne shi a gefenta.

Gaskiya ba ta ɓuya har abada. Cikin 1992 'yarsu Rhena ta sa a ka buga wasiƙun da iyayenta suka rubuta wa juna daga 1902 zuwa 1912. Da mutane suka karanta, sai suka ga ashe shawarar nan ta mutum biyu ce tun daga tushe, ba wai ɗaya ya yi gaba ɗaya ta bi shi ba. Daga baya a ka rubuta littattafai a kan rayuwarta ita kanta. Wajibi ne kuma a faɗi ɗaya gefen. Tun likitan na da rai akwai masu sukar asibitin, suna cewa ya tsaya a tsohon yayi, suna cewa kuma ya ɗauki mutanen ƙasar kamar ƙannen da ba za su girma ba, bai horar da likitoci daga cikinsu ba. Sukar nan tana da tushe. In kuwa an daɗe ba a ba Helene hakkinta ba, ita da ke Baturiya 'yar shehun malami, to, ina ga Joseph, da sauran 'yan ƙasar da suka yi shekaru suna wanke gyambo, suna tuƙa kwalekwale, suna juya magana tsakanin likita da maras lafiya? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Asibitin yana nan yana aiki, a Lambarene kuma a ka yi wani sashe na gwajin allurar rigakafin zazzaɓin sauro ta farko da a ka yarda da ita a duniya. Hannuwan da suka ɗaga wannan jinka sun fi waɗanda a ka rubuta yawa.

Abin da ma'aikaci zai ɗauka daga labarin nan a bayyane ya ke. Helene ta koyi aiki kafin ta shige shi, ba ta dogara ga kyakkyawar niyya kaɗai ba. Ta riƙe ƙaramin aiki da muhimmanci, gama bandejin da ba a tafasa ba yana iya kashe wanda gwanin likita ya yi wa fiɗa. Da ciwo ya fid da ita daga fage ba ta yi fushi ta juya wa aikin baya ba, ta yi abin da za ta iya daga nesa, ran da a ka fi bukatarta kuwa ta iso. Wanda a ka yi wa canjin wuri ba da sonsa ba, ko a ka ɗaukaka wani a kansa, ko ya yi wahala a ka gode wa shugabansa, ya tuna da ita.

Akwai kuma abin da ya rataya a wuyan shugabanni. Haƙurin ɗan amshi ba hujja ba ce ta a manta da shi. Duk wanda a ka ba riƙon asibiti ko ofis, in ya zo rubuta rahoton shekara, ko ya tashi yin godiya a gaban taro, ya kira sunan mai tafasa kayan aiki, da unguwarzoma, da tafinta, da mai sharar ɗaki, tun suna da rai suna ji. Helene Bresslau ta yi shekara 35 a kabari kafin a buga wasiƙun da suka nuna rabonta a cikin aikin. Kada a bar na kusa su yi irin wannan jira.